Yadda ake haɗa pad ɗin gem da wayar hannu, da abin da ke hana shi aiki

Duk wanda ya saba buga ƙwallo a gidan gem ya san bambancin riƙe pad da shafa gilashin waya. A kan gilashi yatsa ba ya jin inda maɓalli yake, gumi na sa shi zamewa, ga manyan yatsu biyu sun tare gefen fili. Shi ya sa mutum kan ɗauko hannun wasa, wanda aka fi sani da pad, ya ce bari ya jona shi da waya. Aikin bai kai minti biyu ba idan komai ya dace. Amma abu uku ne sai sun yarda da juna: pad ɗin, wayar, da wasan da za a buga. Yawancin mutane da pad suke farawa, alhali na ukun ne ya fi ba da kunya, don haka da shi za mu fara.

Tukuna, wasan yana karɓar pad?

Waya tana iya nuna maka cewa pad ya haɗu, fitilarsa ta tsaya cak, ka shiga wasa ka danna komai shiru. Ba pad ne ya lalace ba. Masu wasan ne ba su buɗe masa ƙofa ba, kuma babu saitin Bluetooth da zai gyara wannan.

Call of Duty Mobile yana karɓar pad na PlayStation da na Xbox, amma da sharaɗi: a cikin fafatawa kawai yake aiki, zaɓen makami da shiga ɗakin jira duk da yatsa za ka yi a gilashi. Kuma idan ka shiga da pad, da masu pad irinka za a haɗa ka, don kada a cuci masu shafa gilashi. Minecraft, Fortnite, Roblox, Asphalt Legends (wanda a da ake kira Asphalt 9), GTA San Andreas da Dream League Soccer duk suna karɓa. PPSSPP, manhajar nan da ke buga wasannin PSP, wato ƙaramar PlayStation ta hannu, a waya, ita ce ma ta fi kowa sauƙin kai, kusan duk pad ɗin da waya ta gani za ta yi aiki da shi.

PUBG Mobile kuwa bai buɗe wa pad ƙofa a hukumance ba, haka ma Free Fire. Akwai manhajoji irin su Mantis da Octopus da ke yi wa wasa dabara, su mai da dannawar pad ta zama kamar yatsa ne ya taɓa gilashi. Suna aiki wani lokaci, amma wasunsu sai ka buɗe musu ɓangaren masu ƙera manhaja na wayarka, kuma a wasannin gasa na intanet ana iya ɗaukar hakan a matsayin maguɗi a rufe maka asusu. Wanda ya shekara biyu yana tara kaya a asusunsa, bai kamata ya sa shi a wannan caca ba. Idan wasan da ba na intanet ba ne, babu laifi ka gwada.

Hanya mafi sauƙi ta sani ita ce ka shiga saitin wasan ka nemi inda aka rubuta Controller ko Gamepad. In babu shi ko'ina, ka dakata da sayen pad saboda wannan wasan.

Wayar fa?

A Android ka shiga Settings, ka gangara About phone, ka ga lambar Android ɗinka. Pad na PlayStation 4 yana zama daidai daga Android 10 zuwa sama, na PlayStation 5 kuma daga Android 12. A wayar da ta gaza haka yana iya haɗuwa, amma sau da yawa maɓallan sukan hargitse, ka danna na bugu ya yi maka fasin, ko kuma ya riƙa jinkiri.

A iPhone lissafin ya fi fitowa fili, lambar iOS, wato manhajar da ke tafiyar da wayar, za ka duba. iOS 13 na 2019 ne ya fara karɓar pad na PlayStation 4 da na Xbox One mai Bluetooth. iOS 14.5 na 2021 ya ƙara na PlayStation 5 da na Xbox Series. iOS 16 na 2022 ya kawo na Nintendo Switch. Duk iPhone ɗin da ya kai iOS 16 ya wuce wannan magana.

San irin pad ɗin da ke hannunka

Nan ne ake yawan asarar kuɗi, musamman a kayan hannu.

DualShock 4, wato na PlayStation 4, da DualSense na PlayStation 5, duk suna da Bluetooth. Na farko ramin cajinsa micro-USB ne irin na tsofaffin wayoyi, na biyu USB-C.

Na Xbox sai an lura. Waɗanda suka fito da Xbox One na farko a 2013 ba su da Bluetooth sam, da wani siginar Microsoft na daban suke magana, kuma waya ba ta jin wannan yaren. Bluetooth ya shigo ne a 2016 tare da Xbox One S. Ga yadda za ka bambanta su da ido: dubi robar da ke kewaye da babban maɓallin Xbox na tsakiya. Idan robar haɗe take da fuskar pad ɗin, launi ɗaya, to yana da Bluetooth. Idan kuwa haɗe take da baƙar robar sama inda maɓallan LB da RB suke, tsohon ne, sai da kebul. In kana shakka, cire batir ka duba takardar da ke manne a ciki: lamba 1708 ko 1914 na da Bluetooth, 1537 da 1697 ba su da shi.

Na Xbox 360 mara igiya ba ya haɗuwa da waya kai tsaye, kuma igiyar da ake cajinsa da ita wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar dannawa. Mai igiya na asali shi ne ke aiki a Android. Na PlayStation 3 yana da Bluetooth, amma salon haɗinsa ba irin wanda waya ta saba da shi ba ne, saboda haka ka ɗauke shi a matsayin na kebul kawai.

Sai waɗanda aka ƙera domin waya tun asali. Akwai masu buɗewa kamar majajjawa su rungume wayar a tsakiya, irin su Backbone One, Razer Kishi da wasu na GameSir, waɗanda ake cusawa a ramin caji. Akwai kuma masu araha marasa fitaccen suna, masu Bluetooth ko masu ɗan ƙaramin kai da ake sokawa a USB. Za mu zo kansu.

Game da jabu: DualShock 4 na cikin kayan da aka fi kwaikwaya. Jabun yakan fi sauƙin nauyi, rubutun takardar bayansa yakan yi dishi-dishi, maɓallan L2 da R2 kuma suna ƙara kamar busasshen kara. Wani jabun yana aiki lafiya a PlayStation amma ya ƙi waya, ko ya haɗu ya riƙa yankewa. Idan za ka saya a kasuwar waya, ka je da wayarka, a haɗa a gabanka, ka buga wasan minti biyar kafin ka miƙa kuɗi. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ka ba.

Haɗawa ta Bluetooth

Kafin komai, a yi abu uku. Pad ya samu caji, ko batir sabo. A kashe na'urar da pad ɗin ya saba da ita, in PlayStation ce a zare ta daga wuta ma, domin da ka danna maɓallin PS wurinta zai ruga ya tashe ta. Sannan pad ɗin ya kasance a kashe. DualShock 4 da DualSense suna mutuwa idan ka danne PS na daƙiƙa 10, na Xbox kuma daƙiƙa 6 a kan maɓallin tsakiya.

Yanzu ka buɗe Bluetooth a waya. Kada ka tsaya a ɗan alamar da ake jawowa daga sama, ka shiga ciki sosai. A Android: Settings, Connected devices ko Bluetooth, sannan Pair new device. A iPhone: Settings, Bluetooth, ka bar shafin a buɗe. Sai ka sa pad ɗin ya fara neman abokin haɗi, kuma kowanne da yadda ake yi masa.

DualShock 4: ka fara danne Share, ɗan siririn maɓallin da ke hagu sama, kana riƙe da shi ka ƙara da PS. Ka riƙe su tare kamar daƙiƙa 3 zuwa 5 har fitilar gaba ta fara ƙiftawa fari, bibbiyu da sauri. Wannan ƙiftawar bibbiyu ita ce shaida. Idan tana yi ɗaya-ɗaya a hankali, tsohuwar na'urarsa yake nema, wato PS ka riga dannawa kafin Share. Kashe shi ka sake. A waya zai fito da sunan Wireless Controller ko DUALSHOCK 4 Wireless Controller.

DualSense: daidai da na sama, sai dai maɓallin hagun sunansa Create, mai zane uku kamar hasken rana. Create da PS tare, har fitilar gefen faifan taɓawa ta fara ƙiftawa shuɗi da sauri.

Xbox: ka danna maɓallin tsakiya ya kunnu. A goshin pad ɗin, kusa da ramin USB, akwai ɗan maɓalli zagayayye. Danne shi daƙiƙa 3, tambarin Xbox zai koma ƙiftawa da sauri. Sunansa a waya Xbox Wireless Controller.

Switch Pro: ɗan maɓallin da ke kusa da ramin USB-C a sama za ka danne har ƙananan fitilu huɗu na ƙasa su fara kai da kawowa. Ka sani cewa Nintendo ta sa A a dama, B a ƙasa, akasin Xbox, saboda haka a wasu wasannin abin da gilashi ya nuna maka da abin da ke rubuce a pad za su saɓa.

Da sunan ya bayyana a waya, ka taɓa shi, ka amince da Pair. Fitila za ta daina ƙiftawa ta tsaya. In wayar ta tambayi lambar sirri, wanda ba kasafai ba sai a tsofaffin kaya, gwada 0000 ko 1234. Daga wannan ranar ba sai ka maimaita duk wannan ba: Bluetooth a kunne, ka danna PS ko tambarin Xbox sau ɗaya, su gane juna.

Masu arahar nan su ne ke da ɗan rikici, domin kowanne na da yanayi uku ko huɗu a cikinsa, ɗaya na Android, ɗaya na iPhone, ɗaya na kwamfuta, wani har da na Switch. Da maɓallin da ka haɗa da Home lokacin kunnawa ake zaɓen yanayin, kuma haɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka kada ka yar da takardar cikin kwali. Misali, a 8BitDo SN30 Pro, Start da B na Android ne, Start da X irin na Xbox, Start da Y na Switch, Start da A na kayan Apple. A 8BitDo Pro 2 kuwa wani ɗan makunni suka sa a baya mai haruffa S, A, D, X. Idan ka kunna a yanayin da ba shi ba, pad zai haɗu amma wasa ba zai gan shi ba, ko ya mai da analog ɗinka, wato sandar da ake juyawa da babban yatsa, linzamin kwamfuta. Idan akwai yanayin da ke sa waya ta gan shi a matsayin pad na Xbox, shi za ka fara gwadawa, domin shi wasanni suka fi ganewa.

Haɗawa da kebul

A ganina duk mai Android da ke buga wasan da daƙiƙa ke da daraja, ƙwallo ko harbi ko dambe, ya fara gwada kebul. Babu jinkirin iska, babu yankewa, kuma tsofaffin pad da ba su da Bluetooth ma suna samun shiga.

Abin da ake buƙata shi ne kan OTG, ɗan ƙaramin abu mai baki biyu: ɗaya yana shiga ramin cajin waya, ɗayan kuma babban ramin USB ne irin na kwamfuta. Ka sayi wanda ya dace da ramin wayarka, USB-C ko micro-USB. Duk mai sayar da kayan waya ya san shi, shi ne dai wanda ake karanta filashi da shi. Idan pad da waya duk USB-C ne, kebul mai USB-C kai biyu ya wadatar, ba sai da OTG ba.

Tsarin shi ne: ka soka OTG a waya, ka soka babban kan kebul a OTG, ƙaramin kan a pad, sannan ka danna PS ko tambarin Xbox. In wayar ta tambaya ko ta ba na'urar USB izini, ka amince. Masu ɗan kai na USB kuma, wannan kan ne za ka soka a OTG ka kunna pad, su nemi juna da kansu.

Idan shiru, abu biyu ne kusan kullum. Na farko, OTG a kashe yake. Wayoyi da dama na Tecno, Infinix, Oppo, Realme da Vivo suna da makunnin OTG a cikin Settings, kuma a kashe yake zuwa. Ka rubuta OTG a wurin bincike na Settings ka kunna. A Oppo da Realme yana kashe kansa idan ya yi minti 10 ba a yi amfani da shi ba, don haka gobe ma sai ka sake kunnawa. Wannan ba lalacewa ba ce. Na biyu, kebul ɗin na caji ne zalla. Kebul na USB na gaske yana da siraran wayoyi huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na saƙo. Masu arahar da ke zuwa da tocila ko ƙaramin fanka biyun wuta kawai gare su. Alamar ita ce DualShock 4 ya kunna fitilar ruwan lemo yana shan caji, amma dannawa ba ta isa waya. Gwajin mai sauƙi ne: kebul ɗin da ke iya tura hoto daga waya zuwa kwamfuta shi ne mai kyau.

Kebul na da nasa haraji. Pad ɗin zai riƙa jan wuta daga batirin wayarka, kuma ramin caji a toshe yake. Saboda haka ka cika pad da caji kafin ka jona, don ya rage zuƙa. Akwai kan OTG mai rami biyu, ɗaya na pad ɗaya na caja, amma ba kowace waya ke yarda ta yi biyun a lokaci guda ba, sai ka gwada a shago. Masu rungumar waya irin Kishi da Backbone suna da ramin da caji ke ratsawa ya isa waya, sai dai sau da yawa dole ka cire rigar wayar kafin bakin ya shiga har ƙarshe. Idan ya shiga rabi, zai riƙa haɗuwa yana sakewa da ka ɗan motsa hannu.

A iPhone mai ramin Lightning kada ka wahalar da kanka da OTG, Bluetooth ya fi tabbas. Daga iPhone 15 na 2023 ne aka koma USB-C.

Gwaji kafin shiga fili

Kada ka gwada pad a tsakiyar fafatawa. A Android, da ya haɗu ka motsa maɓallan kibiya a fuskar waya, za ka ga wani ɗan zagaye yana tsalle daga manhaja zuwa manhaja. Wannan ya nuna waya na ji. Don cikakken gwaji, buɗe Chrome ka nemi gamepad tester, ka shiga ɗaya daga cikin shafukan, ka danna kowane maɓalli ka ga ya haska. Sannan ka saki analog biyun ka kalli lambobinsu. Ya kamata su tsaya dab da sifili. In suna rawa ko sun karkata gefe ba ka taɓa ba, analog ɗin ya fara gajiya.

A Call of Duty Mobile, ka haɗa pad kafin ka buɗe wasan, sannan Settings, Controller, ka kunna izinin amfani da shi. A nan ne kuma ake rage ko ƙara saurin juyawar kyamara. Ka fara da ƙasa, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan a filin atisaye.

PPSSPP ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, tunda ita ce gidan ƙwallon yawancin masu Android. Ka shiga Settings, Controls, Control mapping. Za ka ga jerin maɓallan PSP. Ka taɓa kowanne, sannan ka danna wanda kake so ya wakilce shi a pad. Ka tuna PSP analog ɗaya gare ta, kuma L da R kawai, babu L2 da R2. Wanda ya saba gudu da R1 a PlayStation sai ya ɗora R na PSP a kan R1, sauran biyun na baya kuma ya bar su, ko ya ba su wani aiki kamar ajiye wasa. Analog na dama ana iya ɗora masa kibiyoyi huɗu a wasannin da ke juya kyamara da su. Da ka gama, koma Controls ka cire alamar On-screen touch controls, maɓallan gilashi su ɓace, fili ya buɗe. A can kuma akwai wurin daidaita analog, inda za ka faɗaɗa ɗan da'irar tsakiya da ba a lissafa motsi a cikinta. Wannan shi ne maganin gaggawa ga ɗan wasan da ke tafiya shi kaɗai.

Mai iPhone yana da gata ɗaya: Settings, General, Game Controller. Wannan layin ba ya fitowa sai pad na haɗe, kuma a ciki za ka iya sauya aikin kowane maɓalli, ga dukkan wasanni ko ga wasa guda.

Idan abu ya ƙi

Sunan pad bai fito a jerin Bluetooth ba. Yawanci lokacin nemansa ne ya ƙare, domin ba ya daɗewa yana ƙiftawa. Kashe shi, sake sa shi neman haɗi, sannan ka taɓa Refresh ko Scan a waya. Ka kuma tabbata ba ya manne da wayar wani a ɗakin.

Ya fito amma ya ƙi haɗuwa, ko ya haɗu ya yanke nan take. Ka shiga jerin na'urorin da waya ta sani, ka taɓa sunansa, ka zaɓi Forget ko Unpair, ka kashe wayar ka kunna, ka fara daga farko. In ya ƙi, a yi wa pad ɗin wankin ƙwaƙwalwa. A bayan DualShock 4, kusa da L2, akwai ɗan rami. A DualSense yana baya kusa da rubutun Sony. Soka abin cire SIM ka danne kamar daƙiƙa 5. Na Xbox kuma cire batir ka jira kaɗan ka mayar. Idan na Xbox ya ci gaba da yankewa, manhajar cikinsa ce ta tsufa. Ana sabunta ta a kan Xbox ko a kwamfuta mai Windows da Xbox Accessories, ta kebul.

Jinkiri, wato ka danna sai bayan ɗan lokaci ɗan wasa ya motsa. Bluetooth yana tafiya ne a kan zangon 2.4 GHz, hanya ɗaya da yawancin Wi-Fi da hotspot. In sun yi yawa a wuri ɗaya sai cunkoso. Mai da Wi-Fi ɗinka zangon 5 GHz in akwai, ko ka kashe shi in wasan ba ya buƙatar intanet. Cire abin kunne na Bluetooth ka sa mai igiya, domin raba hanya yake da pad, ga shi sautinsa ma a makare yake zuwa. Kashe Battery saver, saboda rage ƙarfin waya yake yi. Sannan ka bambanta jinkirin pad da nauyin wasa: idan da yatsa ma wasan na sarƙewa, wayar ce ta gaji, sai a rage ingancin hoto.

Pad na aiki a fuskar waya amma ba ya aiki cikin wasan da aka san yana karɓa. Rufe wasan gaba ɗaya ka sake buɗewa, domin wasu a lokacin tashi kawai suke duba ko akwai pad. In bai yi ba, shiga Settings, Accessibility, ka kashe manhajojin da ka ba izini a can ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu suna tare dannawar maɓalli kafin ta isa wasa, abin da aka sha fama da shi a Android 11.

Allon rubutu ya ɓace. Wasu masu arahar suna gabatar da kansu ga waya a matsayin allon rubutu na waje, sai waya ta ɓoye nata. Nemi Physical keyboard a Settings ka kunna nuna allon gilashi.

Abu biyu kuma ba matsala ba ne, haka suke: ramin abin kunne da ke jikin pad ba ya fitar da sauti idan ta Bluetooth aka haɗa da waya, kuma girgizar pad ba kowane wasan waya ke tashe ta ba.

Riƙo, caji da ƙura

Pad a hannu, waya a jingine da kofin shayi, wuya ne zai biya. Akwai maƙalin roba da ke kama pad ya ɗaga waya a samansa. Kowane pad da nasa, na DualShock 4 ba ya zama a na Xbox. Wajen ɗaurawa ka lura kada haƙorin maƙalin ya danne maɓallin ƙara sauti ko na kashe waya. Ka ɗan gusar da wayar gefe. A lokacin zafi ka cire rigar waya, kuma kada ka haɗa wasa mai nauyi da caji mai sauri, domin waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai ka zargi pad a banza.

Pad na PlayStation wutar 5V yake so. Ramin USB na kwamfuta, ko fawa banki, ko caja mai kyau ta kamfani sun isa. Cajar da ba a san asalinta ba, musamman a kan wutar janareta mai hawa da sauka, tana iya ƙona ɓangaren cajinsa. Na Xbox batir AA biyu yake ci. Masu caji sun fi sauƙi a aljihu in aka yi lissafin wata da watanni, kuma kada a haɗa sabo da tsoho.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar analog. Tana shiga ƙarƙashin ƙwallon sandar ta zauna a kan ɗan layin da ke auna motsi, sai ɗan wasa ya fara tafiya ba a aike shi ba. In ya fara, kashe pad, ka jiƙa auduga kaɗan da sinadarin isopropyl irin wanda masu gyaran waya ke wanke injin waya da shi, ka karkatar da sandar gefe ka goge gindinta zagaye, ka jujjuya ta sau da yawa, ka bar ta ta bushe minti 10. Kada ka zuba ruwa, ko fetur, ko man inji. In bai daina ba, layin ne ya cinye, sai mai gyara ya canza kan analog ɗin. Wajen sayen sabo, waɗanda aka rubuta wa Hall effect da maganaɗisu suke auna motsi, babu gogayya a ciki, shi ya sa sun fi jure wannan ciwo. Ko wanne ne dai, in an gama wasa a sa shi cikin jaka ko leda mai zif.

Saura mai da pad gidansa. DualShock 4 na'ura ɗaya yake tunawa, don haka bayan ya zauna da waya ba zai tashi PlayStation 4 ba sai ka jona shi da ita ta kebul mai ɗaukar saƙo ka danna PS. DualSense ma kebul ɗin ne hanyar da ba ta kuskure. Na Xbox mai lamba 1914 yana riƙe biyun a kai: danna ɗan maɓallin goshi sau biyu da sauri, ya koma Xbox, ka sake yin haka ya dawo waya. Kafin ka gwada ko wanne, kashe Bluetooth na wayar, in ba haka ba ita za ta riga kama shi.